Kangon Jakai

Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Muka shiga rani da rumbuna rabi-rabi, yanzu kuma bazara ta zauna mana a ka, irin zafin da ko a inuwa ka shimfiɗa tabarma sai ka ji kamar daga kan murhu aka ɗauko ta. Jiya da hantsi na fito ƙofar gida neman iska, na hangi wani jaki tsaye jikin katangar makarantar boko, guntuwar igiya a wuyansa, haƙarƙarinsa duk a waje. Na tambayi jikata ko na wane ne. Ta ce, "Kaka, ba na kowa ba ne. Amma ba zai daɗe ba, masu babbar mota za su zo su loda shi a yi kudu da shi."

Haka ne. Yanzu ko jakin da ya ƙare yana da mai saye. A shekarar da na tuna, ba shi da kowa sai kura.

Shekarar ce da Turawa ke yaƙinsu can wata uwa duniya, suka ce kuza suke so, aka bi gari-gari ana ɗibar maza ana kai su Jos haƙa. Sunana Dije. A lokacin ina da ƙarfina, na yi haihuwa biyu, na farin ya koma, ta biyun an yaye ta. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, yamma da Yasore. In ka wuce gonakinmu sai daji, dajin da ya haɗe da Rugu. Gidanmu gidan gandu ne, yayan maigidana ke riƙe da shi, muna ce masa Yaya Babba. Shi ke buɗe rumbu, shi ke rufewa.

Fara ce ta riga kome zuwa. Wata la'asar muka ga gabas ta yi ja kamar hadari, har wasu suka fara kwashe shanya. Da ta sauka, rana ta dushe. Muka fita da ƙwarya da faranti muna bugawa, maza na kunna hayaƙi a bakin gonaki, ita kuwa ko a jikinta. Ƙarar cinta har yau tana kunnena, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Gero mun riga mun yanke kaɗan, amma dawa da maiwa da wake, kara tsirara ta bar mana. Harawa ko dami guda ba a ɗaure ba. Muka kwashi farar a buhuna, muka dafa, muka shanya. Ta ci namu, muka ci ta, sai dai ita ta fi mu riba.

Ba a gama jajen wannan ba aka zo ɗibar maza. Daga gidanmu maigidana aka nuna. Shi mai jaki ne, yana ɗaukar kaya tsakanin kasuwar Batsari da ta Runka da wani baƙin jaki da muke kira Duna. Ranar tafiya bai yi mini doguwar magana ba. Ya tsaya bakin turke yana shafa wuyan jakin, ya ce, "Ki kula da shi. Kome tsanani kada ki sake shi daji." Na ce to. Aka jera su suka bi hanyar Safana, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka.

Kafin tsakiyar rani tukunya ta koma hawa wuta sau ɗaya a yini. Yaya Babba ya hau rumbu da safe ya miƙo 'yan zangarniyoyi, mu mata mu sussuka, mu daka har da dusar, ba a zubar da kome. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya. Muna bin gidajen tururuwa muna tonawa, mu kwashe tsabar ciyawar da suka tara. Ƙarangiya ma mun sussuke ta, yatsu na jini, don 'yar ƙwayar da ke ciki. Yunwa ba kullum take ciwo ba; wani lokaci sanyi take sa maka a gwiwa, ka miƙe ka ga gari ya yi duhu da rana tsaka.

Awaki da tumaki ba su sha wuya da yawa ba, wuƙa ta raba su da ita, ko a kai kasuwa a musanya da hatsi. Fulani suka kora shanunsu kudu. Jaki ne ya rasa gata. Ba a cin namansa, ba mai sayensa a shekarar da ba kayan ɗauka, kuma mazan da suka san darajarsa an tafi da wasu, saura sun tafi cin rani. Mace mai 'ya'ya a gabanta ba ta da abin ba shi. Sai a kwance igiya, a kai shi bayan gari, a yi ta jifansa da hoge har ya daina biyowa. Da safe in mun tafi itace mu riƙa ganin abin da kuraye suka bari.

Wata safiya na iske wata jaka tsaye gindin aduwa. Kura ta yage mata cinya, fata na reto, ƙudaje sun rufe wurin, amma ba ta faɗi ba. Ɗanta na laɓe ƙarƙashin cikinta, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ita ta tare masa har gari ya waye. Na daɗe ina kallonta. Sannan na kwance igiyar itacena na sa mata a wuya.

A ƙarshen gari akwai wani kango, mutanen gidan sun tashi da daɗewa, katangar ƙasa ta zube ta gefe guda, ga wani babban gawo a tsakiya. Nan Baba Tanko ke zaune a ɗaki ɗaya da ya saura. Tsohon falke ne, ya yi fatauci da jakai har Ilori, ciwon kurkunu ya lalata masa ƙafa, ba mata ba ɗa a kusa. Na durƙusa na gaishe shi, muka tambayi kwana da gajiya da ƙafa da labarin mutanen Jos, sannan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke bayana.

"Ɗiyata, wagga fa?"

"Kura ce, Baba."

"Na ga kura ce. Ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce."

"Tun da kin riƙe igiyar ai ta zama taki. Kin san abin da jaki ke ci a yini?"

Na ce na sani, ina da Duna.

"To je ki saro mini ɓawon maɗaci. Ki zo da toka mai kyau da tsumma."

Da labari ya bazu sai aka daina kai jakai bayan gari. Mu tashi da safe mu iske an ɗaure mana ɗaya a bakin kango, ba sallama. Wasu kuma mu muka je muka tsinto su: mai gyambo a baya, makaho, tsohon da haƙora suka ƙare. Har wata tsohuwar goɗiya ta shigo cikinmu, da karen farauta da ya biyo ta ya ƙi tafiya. Na mayar da Duna can, don in haɗa wahalata wuri guda. Kande, maƙwabciyata da aka tafi da mijinta rana ɗaya da nawa, ta shigo aikin ba tare da na roƙe ta ba.

Da na idar da sallar asuba sai rijiya, kafin mata su taru. Da hantsi mu ɗauki doguwar gora mu bi gawo muna kaɗo 'ya'yansa. Allah ya yi itacen nan da rani yake ganye da 'ya'ya, lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Na kango bai isa ba, har gonakin mutane muke bi. Bayan azahar Baba Tanko ya zauna a kan kifaffen turmi, mu riƙe masa dabba, ya wanke miki da ruwan maɗaci, ya tsince tsutsa da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ya shafa man kaɗe da toka, a rufe da tsumma. Wanda ya kwanta ya kasa tashi, mu zura masa zani ƙarƙashin ciki, ni a gefe Kande a gefe, mu ɗaga shi, don in jaki ya daɗe kwance ya saki rai ke nan. Kafin magariba mu jawo ƙaya mu toshe inda katanga ta zube.

Abin da ya fi aikin wuya shi ne nema. Tun farko na yi wa kaina doka: ba zan ba jaki abin da mutum zai iya kai wa bakinsa ba. Ban taɓa roƙon hatsi ba, ban roƙi dusa ba. Da la'asar nake ɗaukar kwando in bi gida-gida neman ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, tsohon darni da za a sake, tsumman da ya ƙare. Wata ta ba ni, wata ta ce, "Dije, 'ya'yanmu na kuka ke kina yawon jakai?" In ce, "Abin da na roƙa ɗanki zai ci? In zai ci, riƙe abinki."

Kanwa da man kaɗe kuwa ba a tsintarsu, sai an saya. Ni da Kande muka koma kaɗi, duk zaren da muka yi a kai kasuwa a juyo da shi kanwa. Bai isa ba. Sai na fara zuwa Batsari ran kasuwa da ƙafa, in tsaya inda fatake ke ɗaure jakansu, in bi su ɗaya-ɗaya. Maganata guda ce: "Mai jaki, sannu da hanya. Naka yana da kai. Akwai waɗanda ba su da kowa, a taimake su ko da tafin harawa." Nan aka sa mini suna Uwar Jakai. Wani ya ce iskoki ne, a kai ni a yi mini turare. Ban fasa ba, duk kasuwa ina nan a wurin. Wasu sukan zaro daga bakin nasu su jefa mini a kwando ba su dube ni ba. Wani Buzu mai rawani har ido ya saurare ni har na gama, ya buɗe mangala ya ɗauko dunƙulen kanwa kamar kan jariri ya ajiye a gabana, ya juya. Ko sunansa ban ji ba.

Da bazara ta kama, rijiyar gari ta ja baya, guga ya riƙa fitowa rabi laka. Nan magana ta tashi. Mai unguwa ya tara dattawa a zaurensa, aka kira Yaya Babba, ni ba a kira ni ba. Na je na durƙusa daga waje, jikin ƙofa, inda za a ji ni.

Mai unguwa ya ce wa Yaya Babba, "Matar ƙanenka na shayar da jakai mutane na ƙishi. Kuma warin kangon nan ke jawo mana kuraye. A watse shi."

Na yi sallama na ce, "Ranka ya daɗe, kuraye sun riga kangon zuwa. Naman da aka riƙa kai musu bayan gari ne ya koya musu hanya."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai. Mai unguwa bai dube ni ba, ya juya ga Liman ya ce, "Malam, mi littafi ya ce?"

Liman mutum ne mai sanyin magana, shi ma yunwa ta zabge shi har rawani ya yi masa yawa. Ya ce, "Mutum shina gaba da dabba ga ruwan rijiya, wannan ba gardama. Amma ban karanta inda aka hana mai rai ya shayar da mai rai da abin da ya nemo da guminsa ba."

Na ce, "Na ji, Allah ya gafarta Malam. Na bar muku rijiyar. Kangon kuwa ba zan watse ba."

Akwai wata ƙorama kudu da gari, da rani rairayi ne zalla. Can muka koma. Muka tona da ƙwarya da hannu har rami ya kai mana ƙugu kafin mu ga danshi. Ruwan ba ya zuwa, tsattsafowa yake. Ka zauna kana jira ƙasa na ƙona maka ƙafa, ka kwarfa da ludayi, ka sake jira. Masu iya tafiya mu koro su su sha, marasa iyawa mu kai musu a tulu. Wasu matan da suka zage ni a da suka fara biyo mu da tulunansu, don ruwan ramin ya fi na rijiya kyau. Ban hana su ba. Na dai ce duk wadda ta cika nata ta kai wa jakai tulu guda. Suka kai.

Yaya Babba ya tare ni a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, don tsakaninmu akwai kunya. Ya ce, "Dije, kin sunkuyar da kaina gaban dattawa. Ko ki bar kangon nan, ko ki tafi gidanku Runka har ƙanena ya dawo."

Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wanda ya ajiye ni gidan nan shi zai ce in tafi. Kangon kuma in na bari yau, jibi ba sauran mai numfashi a ciki."

Ba mugu ba ne. Bakuna da yawa ke kallon hannunsa. Bai rage mini rabona ko da zangarniya ba. Gaisuwata kawai ya daina amsawa.

Sai gawo ya ƙare. Ya zubar da ganye kamar yadda yake yi in damina ta kusa, amma damina ba ta zo ba. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Darnin da za a ba mu an gama ba mu. Jakai suka fara lasar ƙasar katanga. Wata rana ina kwance a ɗakina da azahar, jiri ya hana ni tashi, ina kallon sama, sai na lura abin da nake kallo ciyawa ce. Na fita na jingina turmi, na hau na fara zare bunun jinka. Muka kakkaɓe shi, muka jiƙa da ruwan kanwa, suka ci kamar harawa. Kullum in zare kaɗan, har ɗakin ya koma itatuwan tsaiko kawai, rana na shigowa yadda ta ga dama. Mutanen gida suka ce ta tabbata, Dije ta taɓu. Inna, uwar mijina, ta shigo. Ta ɗauke yarinyata ta kai ɗakinta. Washegari na iske ta naɗe tsohuwar zanar makewayinta ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Ana cikin haka wani mutum ya zo a kan doki, da rawani da bulala, da mutum biyu a ƙasa. Ya ce an aiko shi neman jakai, za a kwashi hatsin gwamna a kai tashar jirgin ƙasa, kowane gida mai jaki ya ba da guda. Masu 'yan lafiyayyun da suka rage suka ɓoye nasu, aka nuna masa hanyar kango, aka ce can akwai garke guda da ba mai shi.

Kande ta rugo ta gaya mini a ƙorama. Na riga su isa, na jawo ƙaya na toshe, na zauna a 'yar kafar da ta rage. Baba Tanko ya jawo ƙafarsa ya zauna bayana.

Mutumin bai sauka ba. Na gaishe shi, ya amsa da ka.

"Ke ce mai jakan nan?"

"Ni ke jinyarsu, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ki su?"

"Kura ce ta rage mini."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya fara dariya, ya haɗiye. Mai dokin ya ce in tashi, zai zaɓi masu iya tsayuwa. Na ce masu iya tsayuwa akwai, mu muka tsayar da su da zani, amma duk wanda aka ɗora wa buhu ba zai ga Batsari ba.

"Kin san wanda kike wa gardama? Zan sa a kai ki gaban alƙali."

"Mu tafi, ranka ya daɗe. Sai dai a bar wanda zai ba su ruwa kafin in dawo."

Ya ɗaga bulala. Ban motsa ba. Mutanen gari sun taru daga nesa, har da Liman. Mai dokin ya dube su, ya sauke hannu, ya ce shi dai ba zai koma hannu wofi ba.

Na ce, "Kowane gida jaki guda ka ce. Gidanmu na da jaki, lafiyayye, yana da mai shi. Shi za ka ɗauka. Saura sai ka bi ta kaina."

Ni da hannuna na shiga na kwanto Duna. Shi kaɗai ke da sauran tsoka a cikinsu, ya saba da kaya, na san zai kai. Ya bi su ba gardama yana kaɗa kunne, ya ɗauka kasuwa za a. Ba a dawo da shi ba. Na yi kuka a ranar, a bayan gawo inda ba mai gani, amma har yau in aka maido ni bakin ƙayar nan, shi zan sake kwantowa.

Ruwan farko ya zo da rana tsaka. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, jakai suka ɗaga hanci gaba ɗaya, waɗanda muka manta da muryarsu suka yi kuka. Sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara, tsofaffi na hamdala. Ɗakina ya zama tafki, tabarma na iyo. Ban tsaya ba, kango na nufa, don Baba Tanko ya riga ya gaya mana ruwan farko ya fi rani kashe ramammiyar dabba. Muka tura masu rauni cikin ɗakinsa, shi ya zauna a ƙofa ruwa na dukansa. Duk da haka sanyi ya ɗauki wasu. Da sabuwar ciyawa ta fito kuma zawo ya ɗauki wasu, har da goɗiyar, har da jakar da na fara kawowa, bayan cinyarta ta warke sarai. Ɗanta ya rayu. Waɗanda suka ga tsakiyar damina sun fi waɗanda muka ja zuwa daji yawa, amma ba da nisa ba.

Da shuka ta tashi masu cin rani suka fara dawowa, kowa ya tuna yana da jaki. Ban hana kowa nasa ba. Sharaɗi dai na sa: in kaka ta yi, a kawo wa kango dami guda na harawa ko na kara, kowace shekara, don ba rufe shi za a yi ba. Wani mutumin Zakka ya ce shi bai san wannan ba, jakinsa ne, ba wanda ya roƙe ni in tsince shi. Na ce gaskiya ne, ba wanda ya roƙe ni. Na miƙa masa ƙwaryar magani da tsinke, na ce akwai sauran miki a bayan, mangalarsa ce ta yi shi, ya wanke da hannunsa sannan ya tafi da abinsa. Ya tsaya yana huci. Da ya ɗaga tsumman ya ga zurfin wurin sai ya tsuguna ya wanke. Da kaka bai kawo kome ba. Wasu sun kawo, wasu sun manta, na bi su har gida na tuna musu. Haka muka riƙe kangon shekaru, har bayan rasuwar Baba Tanko, kullum da roƙo, ba shekarar da abin ya wadata.

Amma na sha gaban labarina. A daminar nan, ana noman farko, aka kawo wa Kande saƙo mijinta ya rasu a can. Nawa ya shigo wata la'asar da ƙafa, sanda a hannu, ban gane shi ba sai da ya yi sallama. Sanyin Jos ya shiga ƙirjinsa, rigar da ya tafi da ita ta yi masa yawa. Ya gaisa da Inna, ya shiga wurin yayansa suka daɗe. Sannan ya zo ya zauna gaban ɗakina, ya ɗaga kai ya dubi tsaikon da 'yar tabarmar da na yafa a gefe guda. Na kawo masa ruwa na durƙusa.

"Ina Duna?"

Na gaya masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Tun daga Safana ake ce mini matata ta zama Uwar Jakai."

"Haka ake kirana, Malam."

"Yaya ya ce in hana ki."

"Kai ke da iko da ni. Amma gara in gaya maka tun yanzu, in ka hana yau, gobe ma sai ka sake hanawa."

Ya yi tari mai tsawo, ya shanye ruwan. Ya ce, "Inda na fito, in mutum ya kasa ɗaga kwanon ƙasa, gefe ake jansa a ci gaba da aiki. Na ga waɗanda aka ja. Ba wanda ya waiwaye su."

Ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda ya koma wurin yayansa. Daga inda nake durƙushe ina jin su.

"Yaya, na yi mata magana. Ta ce ba ta bari."

"To kai mi ka ce?"

"Na ce gobe in za ta, ta tashe ni."